Gyaran Bindigar Fentin Isuhu

Akwai wata Laraba da har yau ba ta fita daga raina ba, cikin watan Yuli na 2008, ana saura 'yan makonni a buɗe gasar Olamfik a Beijing. Ku ƙannena da kuka shigo ɗakin gyara bayana kun san ni da yawan shiru a bakin aiki, amma wannan labarin ina so ku ji shi.

A lokacin ina shekarar ƙarshe ta karatun injiniya a wata jami'a da ke unguwar Tianhe, aka turo ni koyon aiki wannan kamfani namu da ke bayan garin Guangzhou. Ga wanda bai san aikinmu ba, kayan bindigar fenti muke ƙerawa, muna gyara ta, muna kuma da fili a bayan masana'anta inda ake wasa da ita. Ba harsashi take ci ba. Wasu 'yan ƙwallaye ake zuba mata, girman ɗan kanya, cike da fenti mai fita da ruwa, iskar da aka matse a kwalba ce ke tura su. 'Yan wasa su kasu gida biyu, kowa ya rufe fuskarsa, wanda fenti ya fashe a jikinsa ya ɗaga hannu ya fita. Amma wanda bai santa ba, ya gan ta a ajiye, baƙa, da dogon baki da kunama, ba abin da zai sa ya ce kayan wasa ne.

A samanmu akwai mai kamfani, wanda kowa ke kira lawban. Ɗakin gyara kuwa a hannun Shifu Liang yake, wani siririn dattijo mai ƙarancin magana. Shifu shi ne abin da ake kiran babban gwani a sana'a. A ƙarƙashinsa akwai masu gyara, ni kuma ina can ƙasa, 'yar koyo. Shifu yana da doka guda da ba ya sassautawa: wanda ya miƙa hannu ya karɓi kaya daga mai shi, shi zai gyara, shi zai gwada, shi kuma zai mayar da hannunsa. Saboda haka ban taɓa karɓar kayan kowa ba. Nawa shi ne wanke-wanken ƙarafa, da koyo a kan waɗanda aka jefar, da yin tafinta idan baƙo ya zo.

Daminar shekarar ta zo da zafi mai ɗanko, kuma garin ya tsananta a kan baƙi. Biza ta yi wuya, ana yawan duba fasfo, manyan shagunan tufafi na titin Guangyuan Xilu sun rage cika da mutanenmu. Lawban ya rufe filin wasa sai bayan gasa. Ɗakin gyara ya yi tsit, ba ka jin komai sai fanka da ruwa a kan kwano.

Da hantsi wasu mutum biyu suka shigo. Na gane ɗaya, Laminu, ɗan Kano mai yi wa 'yan kasuwa dillancin kaya. Ɗayan dattijo ne dogo, cikin farar babbar riga, yana rungume da jakar Ghana-mas-go. Ya yi sallama, na amsa. Da ya ji Hausa a bakina sai ya nufo ni kai tsaye, ya miƙo jakar da hannu biyu.

Ku da kuka tashi a gida irin namu kun san babu yadda za a yi babba ya miƙo abu ka bar hannunsa a sama. Ban ma yi tunani ba, na russuna na karɓa. Sai da nauyinta ya sauka a hannuna na ɗago, na ga Shifu yana kallona ta saman tabarau.

Ya ce da Sinanci, "Kin karɓa."

Dattijon shi ne Alhaji Sanda, ɗan kasuwar Maraɗi. Na ba shi kujera, Laminu ya zazzage jakar a kan tebur. A cikin tsofaffin riguna aka fito da bindigar fenti, mariƙinta yana lilo. Ina ganin jan ƙyallen da aka naɗa a bakinta na san mai ita. Ta Isuhu ce, wani saurayi ɗan Maraɗi da ke zuwa fili duk Lahadi, mai yawan dariya. Na ɗan kwana biyu ban gan shi ba, na ɗauka rufe filin ne ya hana shi.

Laminu ya ce a hankali, "Malama Sa'adatu, ai Isuhu ya rasu. Ciwon ciki ne, a asibiti. An yi masa sutura a nan. Wannan mahaifinsa ne."

Na yi salati, na yi wa Alhaji ta'aziyya. Ya amsa yana kallon ƙasa. Isuhu ɗan farinsa ne, don haka tun daga ranar har muka rabu ban ji ya kama sunansa ba, sai dai "yaron wanga".

Laminu ne ya ba ni labarin yadda aka yi. Ɗaki ɗaya suke haya da marigayin. Isuhu ya tafi da bindigar gida don ya wanke ta, sai ciwo ya kama shi. Yana asibiti mai gidan haya ya ce ana bi ɗaki-ɗaki ana duba takardun baƙi. Laminu ya tsorata, ya kwance ta gunduwa-gunduwa ya tura ƙarƙashin gado. Ranar da aka zo zaman makoki wani ya jawo tabarma, sai ga bakin bindiga da kunama sun biyo ta. Aka mayar da su ƙarƙashin gado. Amma kafin Juma'a ta zagayo, magana ta cika harabar Masallacin Huaisheng, wai makamai yaron yake saye wa mutanen daji, wai ma ba ciwo ne ya kashe shi ba. Kafin Alhaji ya hau jirgi, maganar ta riga ta isa Maraɗi.

Na ce, "Baba, wallahi wasa yake yi da ita. Na san shi. Ko ana tsakiyar wasa, la'asar na yi zai ɗaga hannu ya fita. Har riga daban yake zuwa da ita ta salla, don ya taɓa tambayata ko fentin najasa ne na ce ban sani ba."

Alhaji ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Ɗiyata, ni na yarda da ke. Amma maganar da anka kai Maraɗi baki ne ya kai ta, baki ba shi ɗauko ta. Waɗanda sunka gani da ido, da ido za su sake gani. Akwai dattijai biyu na garinmu a nan. Ran Juma'a in mun taso masallaci zan taho da su. Asabar ni ka tahiya, bizar da anka ba ni ke nan."

Na juya na duba aikin. Noti guda ne ke riƙe mariƙin da gangar jikin bindigar. A cikin raminsa akwai tiredi, wato haƙoran nan masu zagayawa da noti ke bi. Na haska tocila, ramin ya shafe sumul kamar cikin ƙoƙo, sai ɗan garin alminiyam a gindinsa. Na ɗauki notin da ke jiki na auna.

Na ce, "Laminu, wannan ba nata ba ne."

Ya sosa ƙeya. "Nata ya ɓata ne ranar da na kwance ta. Da Alhaji ya ce a haɗa, na je kasuwar ƙarafa na nuna wa ɗan Sin ramin na ce masa sem-sem, wato irinsa sak nake so. Ya duba ya ce sem-sem. Da farko ya shiga lafiya lau. Da ya cije sai na ƙara masa ƙarfi."

"Da me?"

"Da filaya mana. To mu ai haka muka sani, abin da ya ƙi sai a matsa masa."

Ku lura da wannan, don za ku sake haɗuwa da shi. Irin wannan bindigar da awon inci aka ƙera ta, notin kasuwar nan kuwa na awon milimita ne. A ido ba ka raba su. Zai shiga zagaye kaɗan, sannan haƙora su fara saɓawa. Notin baƙin ƙarfe ne, gangar jikin alminiyam ce mai laushi, don haka shi zai cinye ta. In kuwa mariƙi bai zauna daram ba, ba a sa mata iska, don tana iya tashi da kanta.

Na fassara wa Shifu komai. Ya juya ta a hannunsa, ya nuna mini inda matsalar take: tsakanin ramin da hanyar iska bangon siriri ne ƙwarai. Ya ce abin da ya fi sauƙi a sauya gangar jikin gaba ɗaya, muna da sababbi a sito. Na gaya wa Alhaji.

Ya girgiza kai. "A'a. Sai su ce an musanya. Wagga sunka gani, wagga za ta yi magana."

Shifu ya je wurin lawban. Da farko lawban ya ce meyo, wato babu, ba ya son abin da zai jawo masa ido a irin wannan lokaci. Daga baya ya yarda da sharaɗi biyu: a gwada ta a layin gwaji da ke cikin masana'anta kawai, kuma ba za ta sake fita daga harabar ba. Dama ba jirgin da zai ɗauke ta. Ke nan gyaran na amfani sau ɗaya ne tak.

Bayan sun tafi na roƙi Shifu ya yi aikin da kansa. Na ce wannan ba abin koyo ba ne, sunan mamaci ne a kai. Ya ci gaba da goge tabaransa.

Ya ce, "Ni bai miƙo mini ba. Ke ya duba ya zaɓa." Sannan ya jawo kwandon ƙarafan da aka jefar ya dire a gabana. "Yau ki ɓata waɗannan. Gobe ba ki da abin ɓatawa."

Yadda ake gyaran shi ne a faɗaɗa ramin kaɗan da injin huda, a yanka sabon tiredi mai ɗan girma da wani ƙarfe da ake kira taf, sannan a murɗa wani siririn sifirin na baƙin ƙarfe a ciki. Bayan sifirin ɗin ya kama sabon tiredin, cikinsa kuma ya zama daidai awon notin asali. A faɗa ba wuya. Wuyar ita ce hudar, sau ɗaya ake yin ta. In ta karkace ko ta wuce zurfi, ta ɓulla hanyar iska, to gangar jikin ta mutu.

Yinin Laraba na ƙare shi a kan kwandon nan. Wasu na karkata, wasu na zarce. Shifu bai yi faɗa ba, sai dai ya ɗauka ya ɗaga a haske, ya ajiye ya wuce.

Ranar Alhamis da safe na kwance bindigar, na toshe hanyar iska da tsumma mai tsabta don kada gari ya shiga. Na naɗe gangar jikin na ɗaure ta a bais, ƙarfen nan mai matse aiki a kan tebur, na yi ta daidaitawa har ramin ya kalli sama sak. Na naɗa ɗan salatif a jikin bakin huda, ya zama iyakar zurfin. Na yi bisimilla, na sauko da hannun injin a hankali. Alminiyam ba ya kuka kamar baƙin ƙarfe, sai dai ya yi ta fitowa a murɗe, fari, kamar zaren da ake kaɗi. Da salatif ya taɓa baki na tsaya. Na leƙa da tocila. Bangon yana nan.

Yankan tiredi da hannu ake yi. Na ɗiga kananzir, na tsayar da taf, in juya gaba kaɗan in komo baya don garin ya karye. A nan ne na ji abin da Shifu ya sha faɗa ban gane ba, cewa ƙarfe yana gaya wa yatsa abin da yake so kafin ido ya gani. Ina juyawa ina tuna Isuhu da dariyarsa, da yadda wata uwa a Maraɗi take zaune mutane na yi mata gaisuwar mutuwa suna sunkuyar da kai. Sai na kawar da tunanin, don hannuna ya fara nauyi. Na hure ramin, na murɗa sifirin har ya nutse ƙasa da baki kaɗan, na karya 'yar wutsiyarsa ta ciki na fito da ita. Shifu ya buɗe aljihun teburinsa ya ba ni noti na awon inci. Da yatsa biyu ya shige har ƙarshe.

Na haɗa ta, na sa kwalbar iska, na shafa ruwan sabulu a duk mahaɗa. Ba kumfa ko ɗaya. Na kai ta layin gwaji na harba a allo, na auna gudun ƙwallon na saita shi a inda doka ta ce. Shifu ya girgiza mariƙin da ƙarfi, ya miƙo mini, ya koma kujerarsa.

Ranar Juma'a da yamma suka iso, Alhaji da Laminu da dattijan nan biyu. Layin gwaji dogon ɗaki ne, raga a gefe, farin allo a can ƙarshe. Na ajiye bindigar a tebur, Alhaji ya ce su matso su duba.

"Ita ce kunka gani?"

Suka duba jan ƙyallen. Ɗaya ya ce ita ce. Na zuba ƙwallaye a tafin hannunsa, ya matse guda ya fashe, rawayan fenti ya ɓata masa yatsu. Na raba wa kowa abin rufe fuska, na harba a allo. Fenti ya tarwatse ya gangaro. Dattijon ya gyaɗa kai, amma ya ce, "To, ai katako ne wancan. Jikin mutum hwa?"

Alhaji ya dube shi. Ya gyara babbar rigarsa, ya taka har ƙarshen layin, ya tsaya a gaban allon ya juyo.

Ya ce, "Ɗiyata, halbe ni."

Na ce, "Baba, subhanallahi."

Laminu ya ce, "Alhaji, bari ni in tsaya. Ni na jawo."

"Kai ba ubanshi ne ba. Koma."

Na gaya wa Shifu. Ya dubi Alhaji, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya tafi da kansa ya duba igiyar abin rufe fuskar, ya ƙara matse ta, ya miƙa masa rigar kariya ta ƙirji. Alhaji ya ture ta a hankali. Shifu ya ce in gaya masa za a ji zafi, zai kuma bar shaida a fata. Alhaji ya ce yaron ai da rigarsa kawai yake shiga. Shifu ya dawo ya ja ni baya har layin da ya fi nisa, ya ce ƙirji zan nufa, kada in ɗaga sama.

Ban taɓa nuna wa babba ko da yatsa ba, ga shi ina ɗaga bindiga a kan sa'an mahaifina. Ta cikin gilashi na gan shi, fari fat a gaban allon da ya ɓaci, hannayensa a sake kamar mai jiran a ta da salla. Mariƙin yana daram a hannuna. Na ja kunama.

Ƙarar ba ta wuce ta buɗe kwalbar lemo ba. Rawaya ta buɗe a kan aikin wuyan rigarsa, wajen hagu. Ya ɗan girgiza, bai matsa ba. Na sauke bindigar, na cire kwalbar iska, na rufe bakinta kamar yadda doka ta ce, sannan na ce kowa zai iya buɗe fuska.

Alhaji ya tako a hankali har gaban dattijan. Ya dangwali fentin da yatsa, ya duba, ya shinshina.

Ya ce, "Ashe wanga ne. Wanga ne ɗai abin da yaron yake yi." "Ku duba da kyau. Ga ni tsaye."

Dattijon da ya yi maganar katako ya cire hularsa ya mayar. Ya ce, "Alhaji, mun ɗauki alhakin yaro. Allah Shi gafarta mishi, Shi yafe muna." Ɗayan ya ɗaga hannu ya fara addu'a, muka shafa. Shifu yana gefe, ya sauke tabaransa ya riƙe har muka gama.

Na kawo jiƙaƙƙen tawul na ce fentin yana fita da ruwa. Alhaji ya ce kada in taɓa. Ya cire babbar rigar, ya tsaya da 'yar ciki, ya naɗe ta fentin yana ciki, ya sa a jakar da ya zo da ita. Ya ce uwar yaron ba ta zo ta ga kabari ba, to za ta ga wannan. Bisa dokar Shifu na ɗauki bindigar na miƙa wa Alhaji da hannu biyu. Ya karɓa ya riƙe ta ɗan lokaci, ya shafa jan ƙyallen, sannan ya ajiye ta a tebur ya sa mini albarka.

Bayan wasu watanni Laminu ya bi ta Maraɗi ya dawo. Ya ce dattijon nan mai maganar katako shi ne yanzu ke ba da labarin a rumfar kasuwa, har da tashi tsaye yana nuna yadda Alhaji ya yi.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, mu masu gyara ƙarfe kawai ake ajiye mana a tebur, abin da ke rataye a jikinsa ba kullum ake faɗa mana ba. Alhaji ya faɗa, shi ya sa na sani. Da yawa za su zo su ajiye su ce a gyara, su tafi. Don haka kada ku tambayi sau nawa za a yi amfani da abu kafin ku yanke irin gyaran da ya cancanta. Wannan sau ɗaya aka buƙace ta, a gaban mutum biyu, kuma da notin ya saki a ranar, da babu wata Juma'ar da za a sake.